Kyamarar da ta wuce zaure

Bayan la'asar ne, ina zaune a zaure, 'yar ƙanwata ta yi sallama ta shigo da waya a hannu. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka bakina ba ya iya kiran sunanta, Ummi nake ce mata. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce, "Kawu, na tara ɗan abin da na tara, kyamara nake so in saya. Ƙarama, wadda zan riƙa jefawa a jaka kullum in na fito. Wacce za ka ce in ɗauka?" Ta miƙo mini wayar, ga hotunan kyamarori nan jere da farashinsu. Ban karɓa ba. Na ce ta shiga ɗakina, a bisa akwati akwai wani tsohon gwangwanin biskit, ta ɗauko mini.

Abin da ke cikin gwangwanin bai taka kara ya karya ba a idon ɗan kasuwa: kyamara ɗaya, Olympus Trip 35, fatar jikinta ta fara ɗagowa a gefe, sai ambulan-ambulan na nagetif da aka ɗaure da zare. Amma ni ban san yadda zan amsa tambayar Ummi ba sai ta nan, domin a birnin Zariya zaɓen kyamara yana da tarihi, kuma tarihin ya fi takardar farashi amfani.

Masallacin Juma'a na ƙofar fada da sana'ar hoto tsaran juna ne. A shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga ginshiƙan nan na ƙasa ya ɗaure bakan gizonsu. A 1839 kuma aka yi shelar fasahar Daguerre a Faransa, wato karo na farko da aka nuna wa duniya yadda haske zai zana mutum a kan faranti ya zauna. Kowa da inda ya tashi, ba su haɗu ba sai bayan shekaru masu yawa. Baturen nan matafiyi Clapperton ya ratso Zariya a 1826, alƙalami kawai gare shi. Sai da Turawa suka shigo a 1902, jirgin ƙasa ya iso a 1911, Sabon Gari ta kafu a bayan ganuwa, sannan hoto ya sami wurin zama a ƙasar nan.

Kyamarar wancan zamani kaya ce guda. Akwati ne na katako a kan ƙafafu uku, da baƙin ƙyalle da mai hoto yake cusa kansa ciki. Yawancin masu sana'ar Yarabawa ne, kamar yadda suka riƙe ta a garuruwa da yawa na Afirka ta Yamma, kuma shagunansu a Sabon Gari da Tudun Wada suke. Mutumin birni in zai yi hoto sai ya yi shiri irin na Sallah: ya sa babbar riga, ya naɗa rawani, ya fita ta Ƙofar Doka, ya je ya zauna a kujerar wani, a gaban labulen wani, a ce kada ya motsa. Duba tsofaffin hotunan gidanku, in akwai. Hannuwa a kan gwiwa, ƙirji a miƙe, fuska a ɗaure. Ba haka iyayenmu suke ba. Mutane ne masu raha da barkwanci, kyamarar ce ta ɗaure su.

Da yawa ma ba su je ba. Birni gari ne na malamai, kuma maganar surar mai rai ba ƙaramar magana ba ce a zaurukan karatu na Kona da Juma da sauransu. Wasu sun ce haramun ne ɗungum, wasu sun ce inuwa ce aka kama kamar ta madubi, ba sassaƙa ba ce. Abin da ya sassauta lamarin larura ce. Mai niyyar Makka sai da hoton fasfo, ɗan makaranta sai da hoto a takardar jarrabawa, ma'aikacin En'e haka. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a nan Zariya a watan Janairun 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, ita ma ta saba wa mutane da ganin fuskokin sarakuna da manyan ma'aikata a takarda. A hankali hoton namiji ya zama abin da ba a tambaya.

Na mace fa? Nan ne gizo ke saƙa. Ko an kira mai hoto gida don suna ko aure, iyakarsa zaure ko ƙofar gida. Baƙo ne, namiji ne, ba ya shiga. Duk abin da ke bayan shigifa, wato rabin rayuwar birni, kyamara ba ta gan shi ba: daka, kaɗi, kitso, ƙunshi, jeren kwalla da tasoshi a ɗakin amarya, tsohuwa tana murza zare a cinya. Kakata ta wajen uba ta rasu ina aji uku a firamare. Ita ta yaye ni, a ɗakinta na yi shekara biyu, amma yau in na rufe ido sai in ga zanenta saƙi da hannunta, fuskar ta ƙi zuwa. Babu hotonta ko ɗaya a duniya. Na daɗe ina jin ciwon wannan.

A can waje kuwa kyamara tana ta ƙanƙancewa. George Eastman ya fito da Kodak a 1888, a 1900 ya fito da Brownie a kan dala 1. A 1925 kamfanin Leitz na Jamus ya fara sayar da Leica, wadda Oskar Barnack ya ƙera don ta ci fim ɗin silima mai faɗin milimita 35, ta kuma shiga aljihun kwat. Manyan masu hoton yankinmu da ƙaramar kyamara suka fara. Seydou Keïta na Bamako, Brownie ce kawunsa ya ba shi a 1935. J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya tattara hotunan kitson matan Nijeriya, Brownie ya saya a 1950. Malick Sidibé ma ita ya saya a 1956, ya riƙa bin samarin Bamako da ita wuraren rawa da dare.

Irin waɗannan kyamarori masu sauƙin ɗauka sun shigo birni da farko a wuyan baƙi masu bincike, kuma ba zan rage musu ladansu ba. Kirk-Greene ya fitar da ɗan littafi a 1963 a kan gidajen Zariya masu ado. Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan, ya auna masallacin Babban Gwani ya zana shi ya ɗauki hotonsa, kuma aikinsa ne ya sa aka iya gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos. Schwerdtfeger ya bi gida-gida tun ƙarshen shekarun 1960, ya dawo ya sake dawowa, yana rubuta yadda magina ke zana dagi da takobi da keke da agogo a fuskar zaure. Da aka yi wa masallacin babban aiki a shekarun 1970, aka lulluɓe tsohon ginin a cikin sabo, wasu sassan da ke kewaye da shi suka tafi, hotunan mutanen nan ne suka rage mana. Ina yaro lokacin, na sha wucewa ta wurin, ban san ina kallon abin da ba zan sake gani ba. Sai dai su ma bango suka fi ɗauka. Abin da ke bayan bangon yana nan yadda yake, ba a gan shi ba.

A 1978 kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya sauke farali. Alhazan lokacin sukan dawo da zamzam da dabino da bagaruwa, da rediyo mai kaset, da 'yar kyamarar roba ta yara wadda in ka leƙa ka danna sai ka ga Ka'aba da Madina suna juyawa. Ni ina sakandare, na ɗauka irinta zan samu. Sai ya kira ni ɗakinsa bayan 'yan sannu da zuwa sun watse, ya zaro wannan daga ƙasan akwati. Ya ce, "Ungo. Na ga kana son zane-zane. Amma kada ka ɗauki kowa sai ka tambaye shi." Na ce, "To, Kawu. Allah ya saka da alheri." Hannuna yana rawa.

Bari in tsaya a kan wannan kyamara, domin duk abin da na sani game da zaɓe daga gare ta na koya. Kamfanin Olympus na Japan ya fara yin ta a 1967, bai daina ba sai 1984, kuma an sayar da kimanin miliyan 10. Ba ta cin batir. Wani zobe ne kewaye da idonta mai kama da saƙar zuma, shi ke shan hasken rana ya auna shi, ya buɗe idon ko ya tsuke shi gwargwadon buƙata. In haske bai isa ba sai wata 'yar jar tuta ta ɗago a tagar leƙe, madannin ya ƙi dannuwa, fim ɗinka ya tsira. Idon nata guda ne, milimita 40, ba ya zuƙo nesa, in kana son abu ya matso kai za ka taka ka je. Saitin nisa kuwa alamomi huɗu ne kacal: mutum ɗaya, mutum biyu, taron mutane, sai dutse. Nauyinta bai kai rabin kilo ba, tana shiga aljihun gefe na kaftani, ƙararta kuma ba ta fi ta ƙyasta ashana ba.

Baba bai yi murna ba da farko. Almajiri ne na gaske, kuma yana cikin masu ƙyamar hoto. Ya yi kwana biyu bai ce komai ba, sannan ya kira ni bayan asuba. Ya ce, "Ban hana ka ba, tunda kawunka ne ya ba ka. Amma sharaɗi biyu. Ba a rataye mini hoto a bango a gidan nan, kuma hoton matan gida ba ya fita waje." Na riƙe sharaɗin nan har ya koma ga Allah, har yau ma a gwangwani da albam nake ajiya.

Da wannan izini kyamara ta wuce zaure a gidanmu, karo na farko tun da aka kafa shi. Ba baƙo ne ya shigo da ita ba, ɗan gida ne, wanda aka yi wa wanka a tsakar gidan. Makon farko kowa na gudu, ƙannena mata suna rufe fuska da mayafi suna dariya. Bayan wata guda an manta da ita. Ranar da na fi tunawa wata safiya ce ta hunturu a 1979. Inna tana zaune a kan tabarma a bakin ɗakinta, ta juya wa rana baya, tana tsince shinkafa a faifai, hayaƙin murhu yana ratsa hasken. Na ce, "Inna, in ɗauka?" Ba ta ɗago ba, ta ce, "Kai dai ba ka gajiya. Ɗauki mana." Na murɗa zuwa alamar mutum biyu na danna. A hoton ba ta kallon kowa, bakinta ya ɗan motsa da sauran maganar da take yi mini. Duk jikokinta da ba su riske ta ba, Ummi ma a ciki, ta wannan hoto suka san ta. Da na kai ta situdiyo a Sabon Gari, da wata mata daban za su gani.

Fim ɗaya hoto 36 ne, wani 24, kuma kuɗin fim da na wanki daga kuɗin tarana suke fita. Saboda haka ba a danna banza. Sai in yi wata biyu da fim ɗaya a ciki, ina tafe ina lissafi. Na ɗauki maɗinka a zaurensu sun baje babbar riga a gwiwa suna fitar da aska takwas da allura. Na ɗauki wani magini a kan tsani yana gyara zanko kafin damina, da almajirai sun kewaye wutar dare, ko da yake wannan bai fito ba, tutar ta hana ni sai da na matsa mata. Na ɗauki rimayen da unguwanni suka ci sunansu, irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko, da ganuwa ta wajen Ƙofar Gayan tun ba a cinye ta da haƙar ƙasa da gine-gine kamar yanzu ba. Akwai zauren maƙwabtanmu mai zanen keke a saman ƙofa, na ɗauke shi a 1981 don kawai saura hoto biyu fim ya ƙare. Bayan 'yan shekaru ruwa ya kayar da shi, aka tayar da na bulo. Jikokin gidan sun zo har nan sun roƙi kwafi.

Hawan Sallah kuwa, wanda kowa ke zaton shi ne abin ɗauka, a nan na fi yin asara. Wata shekara na ƙarar da fim sukutum a kan Sarki Shehu Idris da tawagarsa, tun daga filin Idi har ƙofar fada, da Hawan Bariki da Hawan Daushe. Na kai wani shagon wanki, suka ƙona shi, aka miƙo mini baƙin nagetif da haƙuri. Na yi baƙin ciki sosai a lokacin. Daga baya na lura hoton hawa ba ya ɓata a duniya, 'yan jarida da baƙi suna ɗaukar dubbai kowace shekara. Wanda ba shi da madadi shi ne na Inna da faifanta.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Hoto mai launi ya kori baƙi da fari. Bayan 1986 darajar naira ta faɗi, fim ya yi tsada, na koma fim biyu a shekara. Kyamarori masu saita kansu da filasha a jiki suka cika gari, samarin birni da kansu suka shiga sana'ar, suna bin biki da walima da saukar karatu, su ɗauka, su ruga wanki a kan babur, su dawo da hotuna kafin taro ya watse. Sai dijital. Sai wayar salula a 2001, daga baya ta zo da kyamara a bayanta. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarorin dijital fiye da miliyan 120, a 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Kodak da kansa ya durƙushe a 2012. Shagunan hoto da na sani a Tudun Wada da Sabon Gari, wasu sun koma hoton fasfo da buga takardu, wasu sun rufe.

Yau babu gidan da kyamara ba ta shiga ba a birni, tana hannun kowace yarinya. Amma ka tambayi mutum hoton mahaifiyarsa na shekara goma da suka wuce, sai ya ce yana cikin wayar da aka sace, ko wadda ta faɗa ruwa, ko mimorin ya lalace. Nagetif ɗina na 1979 yana nan, ko gobe aka kai shi wurin da ya dace zai fito. Wannan ya sa da Ummi ta ce kyamara take so daban da wayarta ban ce mata ɓarnar kuɗi ba ne. Abin da aka saya don hoto kaɗai, an fi kula da abin da ya fito daga cikinsa.

Na ce mata ta fara da duba girman kyamarar. Duk kyamarar da sai an yi mata jaka ta musamman, a gida za ta riƙa kwana, ranar da abin ɗauka zai zo kuma ba ta tare da ke. Babbar baƙar kyamara mai dogon hanci tana sa mutanen birni su ɗauka gwamnati ce ta aiko ki ko wata ƙungiya, nan da nan fuska ta canza, a fara tambayar me za a yi da hoton. Ƙarama kuwa ba ta tsorata kowa. Sai shiru: ki kashe duk wani ƙara da take yi, ki kashe filasha, domin walƙiya ɗaya a zauren karatu ta isa ta watsa natsuwar wurin.

Na daɗe a kan maganar haske, don nan ne birni ya bambanta da wasu wurare. Waje rana ce mai kashe ido, cikin soro da zaure kuwa duhu ne mai sanyi, haske ɗaya ne ke shigowa ta ƙofa. Kyamarar da za ta iya da wannan sai mai faffaɗan faranti a ciki, wanda suke kira sensa, da ido mai buɗewa sosai, a ga an rubuta 2.8 ko 2 ko ƙasa da haka a bakinsa. Cikin waɗanda ta nuna mini akwai Sony RX100, wadda aka fara yi a 2012, ƙarama ƙwarai kuma tana zuƙo nesa. Akwai Fujifilm X100, jerin da ya fara a 2011, mai tagar leƙe irin ta da, abin da ke da amfani in rana ta hana ki ganin gilashin baya, sai dai ta fi ƙarfin aljihu, kuɗinta ma haka. Akwai Ricoh GR IIIx ta 2021, da na ga an rubuta idonta daidai yake da milimita 40 sai da na yi murmushi, don shi ne faɗin da na yi shekaru ina kallon birni da shi. A lungunanmu masu ƙunci, inda ba ki da wurin ja da baya, ido mai milimita 28 ko 35 ma ya fi sauƙi. Ni dai ra'ayina ido guda ya fi mai zuƙowa, domin mai zuƙowa yana koya wa mutum ɗaukar jama'a daga nesa ba da saninsu ba, kuma wannan ba tarbiyyarmu ba ce.

Sai ƙura. Duk idon da ke fitowa ya koma, yana shaƙar ƙurar hunturu kamar huhu, don haka a samo mata 'yar jakar yadi mai zuge, kada a jefa ta tsirara cikin jaka tare da kwalli da makullai. A duba wadda ake cajinta da irin igiyar waya, saboda halin wutarmu, a kuma sayi batir na biyu tun ranar farko. In kuɗi bai kai sabuwa ba, ta hannu mai lafiya ba abin kunya ba ce, a dai gwada ta a gaban mai ita, a ɗauki farin bango a duba ko akwai ɗigo. Na ƙarshe da na ce mata, shi na fi nanatawa: duk ƙarshen wata ta zaɓi hoto goma ta kai a wanke su a takarda, ta rubuta rana da wuri da sunan mai hoton a baya da biro.

Ta hannu ta samu, bayan mako uku, wata 'yar baƙa da ba ta kai tafin hannuna ba. Ranar Asabar ta zo ta ce in raka ta. Muka bi ta bayan fada muka gangara unguwarmu ta da, har gidan wata gwaggona da ta haura shekara 90, wadda har yanzu in ta sami auduga takan ɗauki mazari. Shekaruna sun kai in shiga, gidan kuma namu ne, amma akwai matan jikokinta a ciki da ban saba da su ba, sai na tsaya a zaure na zauna a kan dakali. Ummi ta cire takalmi ta yi sallama ta shige. Ina jiyo ta tana cewa, "Gwaggo, in ɗauka?" Aka yi shiru kaɗan, sai na ji muryar tsohuwar tana cewa a bari ta gyara ɗankwali tukuna, matan gidan suka kwashe da dariya. Ban ji ƙarar kyamarar ba.